Gawon Audi Gyartai da Hanyar Shan Iska

Audi Gyartai bai taɓa zuwa Damagaram ba, bai taɓa hawa raƙumi ba, kuma in ka ɗebe ranar da jaki ya kayar da shi a gaban surukansa, babu wani abin a zo a gani da ya same shi har ya ba shekara arba'in baya. A Rijiyar Dado aka haife shi, wani ƙauye na ƙasar Damargu tsakanin Tanut da Tarka. A nan ya yi aure, a nan kuma ya gaji sana'ar ubansa Ilyasu, wato noman duma, da fafe ƙwarya, da ɗinke wadda ta fashe. Siririn mutum ne mai dogon wuya, mai yawan magana in ya ga taro, mai yawan hamma in ya ga aiki. Matarsa Lantana takan ce da bakinsa ne ke riƙe basilla, da tuni sun yi garken shanu.

Gadon da uban ya bar masa ba shi da yawa: basilla biyu, wuƙar fafe ɗaya, 'yar gona a bakin korama, da gawon da ke tsakiyarta. Kada ka ji an ce korama ka ɗauka ruwa ne. Rairayi ne shimfiɗe kusan shekara cur. Sai an tafka ruwa a kan tudu sannan ta taso jawur da kumfa, ta kwashi awakin da kwanansu ya ƙare, ta yi yini ɗaya ko biyu, ta koma barcinta. Amma in aka tona cikinta gaba biyu ana samun ruwa, shi ya sa da rani Fulani da Buzaye ke sauka can da dabbobinsu.

Gawo bakwai ne a jere a bakin koramar. Na Audi shi ne na ƙarshe, daidai mashigin da dabbobi ke bi su gangara rijiyoyi. Ba wanda ya shuka shi. Ilyasu ne ya tarar da shi ɗan tsiro yana sassabe, ya ɗaga gatari, sai kuma ya fasa. Kowa a Damargu ya san halin gawo tun yana tsirara a tsakar gida. Da damina, lokacin da kowane icce ke ƙawa da ganye, shi sai ya tuɓe ya tsaya fayau kamar ya mutu, gero ya samu rana a ƙarƙashinsa ya yi kai. In ruwa ya ɗauke, sauran itatuwa suka fara kakkaɓewa, sai shi ya cika da ganye, ya ba da inuwa a lokacin da ake nemanta ido rufe, ya zubo wa awaki 'ya'ya.

Wannan inuwa ita ce kasuwar Audi. Tun daga kaka har faɗuwar ruwa, yana nan jingine tsakanin wasu saiwoyi biyu, inda bayan ubansa ya goge ɓawon iccen ya yi santsi, nasa bayan kuma ya ɗora. Mata su kawo ƙoren nono da suka tsage, ya huda, ya ɗinke da zaren kaba, yana yi yana ba su labarin da ba su tambaye shi ba. A shekarar babbar yunwa, 'ya'yan gawon nan ne suka riƙe awakinsa biyu, nonon awakin kuma ya riƙe gidan. Audi ba ya faɗar wannan a bainar jama'a, don shi ba mutum ne mai son a gan shi yana godiya ba. Amma da a ce ya zaɓa tsakanin gawon da ɗakin kwanansa, da ya ɗauko tabarmarsa ya fito.

A farkon daminar 1926, a lissafin Nasara, aka turo wani Bature ya zauna a ɗan barikin da aka gina bayan gari. Ko kumandan ne ko ɗan aiken kumandan, ba wanda ya tantance, kowa dai ya cire takalmi in ya gan shi. Kwana uku da zuwansa korama ta kawo. Ya tsaya a bakinta da lofe a baki, idanunsa suka kawo ruwa, wai ta tuna masa da kogin garinsu. Ba wanda ya ga amfanin gaya masa cewa jibi ba zai tarar da ita ba.

Mutumin yana da wata ɗabi'a da ta ɗaure wa kowa kai. Kullum da la'asar sai ya fito da sanda ya yi ta tafiya, ba kasuwa ya nufa ba, ba rijiya ba, ba gaisuwar mutuwa ba, in ya gaji ya juyo. Aka tambayi tafintansa, Malam Ila, wani mutumin Damagaram mai takalmin fata, ya ce iska yake sha. Daga ranar sunansa ya koma Sha-Iska. Da a kansa abin ya tsaya da sauƙi, sai ya ga ya kamata garin gaba ɗaya ya amfana. Ya sa aka yi shela: za a yi garka, wato lambu, a bakin korama, ba ta albasa ko barkono ba, ta zama kawai. Za a kuma share hanya a gefenta, a jera mata duwatsu dama da hagu, a shafe su da farar ƙasa. Kowane gida ya ba da mutum ɗaya, a daidai lokacin da gero ke neman noman farko.

Wata safiya Sha-Iska ya biyo bakin korama, Malam Ila na bayansa, wani gardi, wato dogarin bariki, na riƙe da ƙoƙon farar ƙasa. Duk iccen da ya nuna da sanda sai a shafa masa alama. Aduwa ta tsira, bagaruwa ta tsira. Gawo bakwai kuwa duk suka sha farar ƙasa, wai matattun itatuwa ne masu ɓata gani, za a sare su a dasa mangwaro da za a kawo daga Damagaram.

Audi yana gonarsa lokacin da aka shafa wa nasa.  Ya yar da hauya, ya durƙusa nesa kaɗan, ya ce, "Malam Ila, don girman Allah gaya masa iccen nan da ransa. Hutu yake yi. In ruwa ya ɗauke zai yi ganye."

Malam Ila ya juya maganar. Sha-Iska ya yi dariya har lofen ya faɗi, gardi ya ɗauko masa. Da ya gama bayani, Malam Ila ya ce, "Ya ce iccen da ya sha ruwan sama wata guda bai yi ganye ba, ko a wace ƙasa yake, sunansa iccen girki. Ya ce kuma mutanen nan kun iya tsara ƙarya in kuna gudun gatari."

"To kai fa, Malam Ila? Ba gawo a Damagaram?"

"Akwai shi har ƙofar gidanmu," in ji Malam Ila a hankali, yana kallon takalminsa. "Amma ni tafinta ne, Audi. Ranar aiki ba ni da bakin kaina."

Aka fara sara daga ɓangaren gari. Wani Gajere, mutum ƙaƙƙarfa marar yawan magana, shi aka ɗora a kan masu gatari. Shi da mutanensa duk sun san abin da suke sarewa, saboda haka aikin ya riƙa haɗuwa da tsautsayi. Yau ƙota ta karye, gobe gatari ya dakushe sai an kai maƙera, jibi maƙerin ya tafi biki. Duk da haka icce ba ya iya gudu. Na farko ya faɗi bayan kwana goma. Audi ya ji ƙarar faɗuwarsa daga gona, ya lissafa da yatsu, ya ga kafin wata biyu za a iso kansa, gawo kuwa ba zai yi ganye ba sai bayan an yanke gero.

Ya koma gida ya ƙi cin tuwo, abin da ko da zazzaɓi bai taɓa yi ba. Lantana ta gaji da ganinsa yana tagumi, ta ce, "Malam, in tsiraicin iccen ne ya dami Nasara, sai ka ɗinka masa riga mana. Ba kai ne sarkin ɗinki ba?"

Ba'a take yi, kamar yadda ta saba. Amma Audi ya kafa mata ido har ta tsargu. Shekara ashirin suna tare, wannan ne karo na farko da ya ɗauki maganarta a matsayin shawara.

Washegari ya jawo yaɗon duman da ya shuka a gefen gona ya nufo da shi gindin gawo. Ya ƙara shuka wani iri a kewayen gindin, ya jibga masa takin awaki. Ya tufka igiyoyin kaba, ya hau iccen ya ɗaura su a rassa, ya sauko da su ƙasa don duma ya samu abin kamawa. Gawo ba ya son a hau shi, ƙayarsa ta yayyaga masa wando da abin da ke cikin wandon. Ya kankare farar ƙasar da wuƙar fafe. Masu ɗaukar duwatsun hanya suka riƙa tsayawa da kaya a ka suna kallon gyartai a saman icce yana lallashin duma kamar mai koya wa jinjiri tafiya. Wasu suka ce aljanun korama sun taɓa shi. Audi ya yi kunnen uwar shegu da su.

Gawo na biyu ya faɗi, na uku ya bi shi. Duma kuwa in ya samu ruwa da taki ba ya jiran kowa. Ya haye gindin, ya bi igiyoyi, ya nannaɗe rassa. Ranar da na shida ya faɗi, na Audi yana tsaye kore shar da faffaɗan ganye, fararen furanni na buɗewa da yamma, 'yan ƙananan goruna na reto daga reshe.

Sha-Iska ya iso da la'asar, ya tsaya, ya cire lofe. Ya zagaya iccen sau biyu. Ashe ba wawa ba ne kamar yadda Audi ya yi fata. Ya sa sanda ya ɗaga ganye ɗaya, ya bi yaɗon da ido har inda ya fito daga ƙasa, sannan ya juyo ya dubi Audi. Audi ya yi tsuru-tsuru, ya fara tunanin wa zai kula da awaki in aka tura shi fasa dutse.

"Ya ce," in ji Malam Ila, shi ma da mamaki, "bai san akwai mai dabara haka a garin nan ba. Ka mai da mataccen icce rumfa. A bar shi har duman ya bushe, sannan a sare."

Yanzu tsere ya koma tsakanin duma da gawo. In duma ya riga bushewa, gatari ne. Ruwa ya ɗauke da wuri a shekarar, ganyen duma ya fara yin rawaya daga ƙasa. Audin da bai taɓa ɗaukar tulu ba, wanda ke cewa ɗaukar ruwa na rage tsawon mutum, sai ga shi yana gangarawa rijiya sau goma a yini yana shayar da duman da lokacinsa ya riga ya wuce. Geronsa ya nuna, tsuntsaye suka yi biki a kai, Lantana ta yanke abin da ya saura ita kaɗai tana yi tana ambaton kakanninsa. Kullum da sassafe yakan tsaya a gindin iccen ya ɗaga dogon wuyan nan ya ce, "Haba gawo, wannan barci ya isa haka. Ka tashi, mutanen nan ba wasa suke ba."

Duma ya bushe ƙarau. Aka sa ranar sara. Gajere ya zo da gatari a kafaɗa yana tafiya kamar mai ciwon ƙafa, Sha-Iska da Malam Ila na biye. Audi ya roƙi a bar shi ya sauke gorunansa tukuna. Ya hau, ya yi ta yanke busasshen yaɗo yana jefowa ƙasa. Da rigar ta gama zubowa, sai ga rassan sama sun yi tsanwa-tsanwa da ɗanyen toho, ƙanana ƙwarai, amma ko makaho ya laluba zai ji su.

 Sha-Iska ya daɗe yana kallon sama. Sannan ya juya ya dubi bakin korama, inda kututture shida ke jere, kowanne da ɗan mangwaro yana yaushi a gefensa cikin kejin ƙaya. Kunnuwansa suka yi ja. Malam Ila ya samu abin dubawa a takalminsa. Gajere ya sauke gatari a hankali ya ɓoye shi a bayan ƙafarsa. Baturen ya juya ya koma bariki, ranar bai sha iska ba.

Audi ya yi yinin nan yana ba da labarin yadda ya kayar da Nasara, kowace bayarwa labarin na ƙara tsawo. Murnarsa kwana uku ta yi. A rana ta huɗu Malam Ila ya zo da sabon umarni. Wai wannan icce abin al'ajabi ne, shi ne zai zama cibiyar garka. A kewaye shi da shinge, a sa kujerar katako a gindinsa. Ba akuya, ba wuƙa, ba baƙin mutum da zai zauna ciki. Gonar ma ta shiga garka. Shi kuma Audi, don a saka masa, an naɗa shi mai gadin wurin, an ba shi tsohuwar jar hula da sanda. Da rassan gawo shidan da aka sare aka kafa shingen.

Haka Audi ya ceci iccensa ya kuma rasa shi a mako ɗaya. Da safe yakan shiga ya yi shara, ya tura 'ya'yan gawo ta ƙarƙashin shinge inda awakinsa ke jira, ya fito ya rufe. Sa'ar da ya samu ita ce umarnin bai yi maganar inuwa ba. Da hantsi takan tsallake shinge ta faɗo yamma, sai ya shimfiɗa tabarma can ya yi ɗinki. Da la'asar ta koma gabas, ya naɗe tabarma ya zagaya, mata da ƙorensu na biye da shi. Da tsakar rana kuwa inuwar takan tattare gaba ɗaya cikin shinge, ta lulluɓe kujerar da ba kowa a kanta.

Wata Bafulatana mai suna Hajjo, wadda tun zamanin Ilyasu take kawo ƙwarya, ta tarar da shi wata rana a irin wannan lokaci, zufa na zuba daga ƙarƙashin jar hula. Ta ce, "Kaɗo, yau kai ne a rana, kujera na shan inuwar babanka?"

"Sarauta ce, Inna," in ji Audi. "Ba ki ga hula ba?"

Ta yi dariya, shi ma ya yi. Amma da ta tafi ya leƙa ta tsakanin itatuwan shinge, ya ga wurin nan mai santsi tsakanin saiwoyi biyu, ƙafar kujera ta tokare shi. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Bai taɓa kewar ubansa kamar ranar ba, ko ranar da aka binne shi.

Ita kuwa hanya sai ƙara tsawo take. Ta wuce mashigi, ta kai wani dutse da ba komai a kansa sai ƙadangaru, aka ce nan gaba har Tarka za ta kai. Jakuna suka ƙi binta don hasken duwatsun na ba su tsoro, mutane kuma ba su da abin yi a wurin ƙadangaru. Damina ta gaba korama ta kawo ta kwashe rabin duwatsun ba tare da neman izini ba. Mangwaro shida suka mutu ɗaya bayan ɗaya, aka ce laifin mai gadi ne. Bayan shekara biyu aka ɗauke Sha-Iska zuwa wata ƙasa, wataƙila mai kogi. Gara ta kama shinge. Audi bai taɓa ko sanda ɗaya ba, amma kullum yakan duba aikin garar ya sa mata albarka. Ya ƙudura cewa kafin gawo ya sake ganye zai koma tsakanin saiwoyin nan da bayansa.

A farkon daminar 1928 sabon Bature ya iso, saurayi, mai ɗan littafi a aljihu. Kwana uku da zuwansa ya biyo hanyar shan iska, Malam Ila na bayansa, gardi na riƙe da ƙoƙo. Ya tsaya a bakin shinge, ya dubi iccen da ke tsaye fayau ba ganye ko ɗaya, ya yamutsa fuska, ya yi tambaya.

Malam Ila bai ɗago kai ba. "Ya ce wane mahaukaci ne ya yi wa mataccen icce shinge."

 Audi ya tsaya yana kallo aka shafa farar ƙasa a daidai inda ya kankare ta shekara biyu da suka wuce. A hanyar gida ya gamu da Gajere. Gajere bai ko tsaya ba, ya ce, "Gatarina ya ɓata tun jiya. Maƙeri ya ce sai bayan wata biyu."

Audi ya shiga gida, ya rataye jar hula a ƙahon da ke jikin bango, ya ce, "Lantana, ina goran nan da kika zuba irin duma?"

Ya jira ba'ar da ya san tana zuwa.  Sai kawai Lantana ta sauko da goran daga inda yake rataye ta miƙa masa, sannan ta ɗauki tulu ta bi bayansa.